Taswirar addinai da aka sa 'yata ta zana a makaranta: in ƙyale ko in je in yi magana?

Baban Hauwa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni sukuni tun jiya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malamai da iyaye a cikinmu.

'Yata Hauwa tana aji biyar na sakandare. Malaminsu na labarin ƙasa ya ba su jinga, kowa ya samo babban kwali ya zana taswirar duniya, ya shafa wa kowace ƙasa launin addinin da ya fi rinjaye a cikinta, sannan ya rubuta shafi biyu a kan yadda aka yi addinin ya isa wurin. Jiya bayan isha'i na same ta ta baje kwalin a kan tabarma. Ƙasashen Musulmi ta sa musu kore, na Kirista shuɗi. Har nan ban ga abin magana ba. Sai na ga Indiya da Nepal sun sha ruwan goro, Tailan da Myanmar da Sri Lanka ruwan ɗorawa. Da na tambaye ta, sai ta shiga yi min bayanin Hindu da Buddha, har da kogin Ganga da suke wanka a ciki, da Lumbini inda aka haifi shi Buddhan.

Wallahi gabana ya faɗi. Yarinyar nan izu arba'in ne a kanta, ban taɓa jin sunan wani abin bauta a bakinta ba sai jiya. Mu a zamaninmu ba a koya mana wannan ba. Me kuka gani?

Abu Sumayya, Rigasa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, faɗuwar gabanka alama ce ta kishin addini, kada ka raina ta. Ni shawarata ka je. Yaro ɗanyen icce ne, inda aka lanƙwasa shi nan yake bushewa. Yarinyar da ba ta gama Ahalari da Ishmawi ba, me ya kai ta sanin abin da masu bautar gumaka suke yi? A cika tulu da ruwa mai kyau tukuna.

Ummu Khalil, Unguwar Dosa:
Ni ma haka na gani. Makarantun nan sai an sa ido.

Malama Mai Labarin Ƙasa, Malali:
Salamu alaikum. Shekara 14 ke nan ina koyar da wannan darasi, ba a makarantar su Hauwa ba, don haka ba kare abokin aiki nake yi ba. Alhaji, ka bar ni in faɗi abin da malamin yake nema, sai ka yanke hukunci.

Labarin ƙasa ba duwatsu da koguna kaɗai ba ne. Akwai ɓangaren da ya shafi mutane: ina suke zaune, wane harshe suke yi, me suke ci, me suke bauta wa, kuma me ya sa a nan ba a can ba. Tambayarmu ita ce "ina" da "ta wace hanya". Tambayar "wanne ne gaskiya" ba ta ajinmu ba ce, ta malamin addini ce da iyaye.

Ga misali. Duk shekara ina tambayar ɗalibaina ƙasar da ta fi yawan Musulmi a duniya, kusan duk ajin sai su ce Saudiyya. Indonesiya ce, da Musulmi sama da miliyan 200, kuma tsakaninta da Makka akwai teku. Larabawa gaba ɗaya kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na Musulmin duniya. To ta yaya Musulunci ya kai can? Fatake ne a jiragen ruwa, suna bin iskar da ke kaɗawa gabas a wani lokaci na shekara, ta juyo yamma a wani. Iskar nan ce ta kai shi Mombasa da Lamu da Zanzibar. Mu kuma raƙumi ne ya kawo mana ta Sahara, Wangarawa, fatake da malamai daga ƙasar Mali, suka shigo Kano zamanin Sarki Yaji. Haka Brazil ta fi kowace ƙasa yawan 'yan Katolika saboda Turawan Fotugal, Filifin kuma saboda na Sifen. Yaron da ya gane wannan ya gane dalilin da taswira ta fito yadda take.

Abu Sumayya, Rigasa:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Na yarda abin da kika faɗa ilimi ne. Amma ina da tambaya. Littattafan da kuke koyarwa da su wa ya rubuta? Na taɓa buɗe na ɗan ƙanina, na ga an rubuta wai Annabi (SAW) shi ya ƙirƙiro Musulunci a ƙarni na 7, an jera shi da sauran a layi ɗaya kamar kayan kanti. Mu kuwa mun yi imani Musulunci shi ne addinin annabawa tun daga Annabi Adamu. Yaro ya haddace wancan don cin jarrabawa, ya rubuta da hannunsa, ki ce ba zai bar tabo a zuciyarsa ba?

Malama Mai Labarin Ƙasa, Malali:
Allah ya gafarta Malam, wannan kam ka taɓo inda yake yi min ƙaiƙayi. Gaskiya ne akwai littattafan da suke rubuta haka. Ni abin da nake yi, sai in ce su rubuta "an fara saukar da wahayi a Makka a shekarar 610, aka yi hijira zuwa Madina a 622". Ba wanda zai ci gyaranka a jarrabawa, kuma ba ka saɓa wa aƙidarka ba. Amma ka ga sai malami ya san abin kafin ya gyara. Wanda bai taɓa buɗe shafin ba, ba zai san akwai ƙaya a ciki ba.

Maman Rifkatu, Narayi:
Barkanmu da yamma. Ni Kirista ce kamar yadda yawancinku kuka sani, ina karantawa tun ɗazu, na ce ba zan yi shiru ba.

Malam, abin da ya dame ka mu ma yana damunmu. Ɗana ya taɓa dawowa gida yana kuka, wai wani a aji ya ce masa addininsa na Bature ne, jirgin ruwa ya kawo shi. Na zaunar da shi na gaya masa Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana na Aksum, tun kafin Ingila ta zama ƙasar Kirista. Na gaya masa akwai Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, a can har yau, da majami'un Lalibela da aka sassaƙa daga cikin dutse. Da yaron da ya faɗa masa haka ya taɓa zana irin taswirar Hauwa, da bai faɗa ba.

Mu ma muna da namu. Akwai yaran unguwarmu da suka kai shekara 15 ba su taɓa shiga gidan Musulmi ba. Abin da suka sani shi ne abin da suka ji a bakin titi, kuma kun san abin da bakin titi yake faɗa.

Baba Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Badarawa:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki, jikana ne ke rubuta min.

Na yi shekara 23 ina aikin masaƙa a Kakuri. A lokacin, in an busa ƙahon tashi, dubban mutane ne ke fitowa ƙofa ɗaya, Bahaushe, Bajju, Kataf, Tibi, Bayarabe, Ibo, Gwari. A sama kuma akwai 'yan China da 'yan Japan masu kula da injuna. Gidan da nake haya ɗaki goma ne. Da Sallah matata tana raba tuwo da nama ɗaki-ɗaki. Da Kirsimeti maƙwabcina Bajju ni yake kira in yanka masa akuya, don ya san in ba haka ba ba za mu ci ba. Ba wanda ya koya masa wannan a aji, zama tare ne ya koya masa.

Ƙanina da ya yi sakandare a shekarun 1970 malamin lissafinsu ɗan Indiya ne, ba ya cin naman shanu. Yara suka sani, suka girmama shi, ba wanda ya bar salla saboda haka.

Sai rikicin addini na Fabrairun 2000 ya zo. Ba zan faɗi abin da idona ya gani ba. A 2002 aka sake. Na kwashe iyalina na haye gada, maƙwabcina shi ma 'yan'uwansa da ke Tudun Wada suka kwaso kaya suka koma Sabon Tasha. Tun daga nan kogin Kaduna ya zama iyaka. Jikokina yanzu ba su da abokin da zai koya musu abin da zaman haya ya koya min. To in unguwa ta daina koyarwa, makaranta ma a ce ta yi shiru, wa ya rage? Wayar hannu?

Alhaji, 'yarka tana zana taswirar duniya, ni kuwa da taswirar garin nan nake kwana a zuciyata.

Ummu Khalil, Unguwar Dosa:
Allah sarki Baba. Allah ya kiyaye gaba. Ni a 2000 ina aji uku na firamare, na tuna mun kwana a barikin soja.

Ɗan Kawo:
Iyayena, ku yi haƙuri in ɗan tsoma baki, ni ɗalibin tarihi ne. Malam Abu Sumayya, da girmamawa, nazarin addinan wasu ba Turawa suka fara shi ba, malamanmu ne. Al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafi guda a kan Indiya wajen shekarar 1030. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya rubuta Al-Milal wan-Nihal, ya bi addinai da ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da kowa ya yi imani da shi. Alƙur'ani kansa a Suratul Hajji aya ta 17 ya ambaci Yahudawa da Sabi'awa da Nasara da Majusawa da sunayensu. Kuma da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, ai da sanin halin Najjashi aka tura su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam don ya san da wa yake magana.

Sannan wani abu. Gida nawa ne a Kaduna ba a kallon fim ɗin Indiya? Ƙannenmu sun ga ana kunna fitilu ana zagaya wuta ana watsa garin kala sau ɗari, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga abin da ake yi, ga kuma matsayinmu a kai. Gara wanda aka yi a aji, uba ya gani a kan tabarma.

Abu Sumayya, Rigasa:
Ɗana, ka yi karatu, Allah ya yi albarka. Amma ka lura, su Shahrastani sai da suka ƙoshi da nasu kafin su leƙa na wasu. Ba 'yan shekara 16 ba ne. Ban ce haramun ne sani ba, cewa na yi komai da lokacinsa da kuma hannun da ya dace. Maganar finafinai kuwa ka yi gaskiya, kullum ina faɗa a Islamiyya, wannan ɓarakar ta fi ta makaranta girma.

Shugaban Zaure:
Madalla da yadda ake tafiya. A ci gaba da mutunta juna, kada a kawo siyasa.

Baban Hauwa, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, duk na karanta. Yanzun nan ta sake zuwa da wata tambaya, ni kuma ba ni da amsa. Ta gama ko'ina sai Najeriya ta bari fara fat. Ta ce, "Baba, wane launi zan sa mana?" In ta sa kore ta share su Maman Rifkatu, in ta sa shuɗi ta share mu. Malama, ya ake yi?

Malama Mai Labarin Ƙasa, Malali:
Alhaji, ka gaishe min da Hauwa, ta kai inda darasin yake. Duk malamin kirki wannan tambayar yake jira.

Taswirar da ke ba kowace ƙasa launi ɗaya tana ɓoye mutane. Ta shafa wa Indiya ruwan goro, daidai ne, Hindu sun kai kusan kashi 80 cikin 100. Amma ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai miliyan 172, sun ninka mutanen Saudiyya gaba ɗaya sau da yawa. Suna ƙarƙashin ruwan goron nan ba a ganin su. Akwai kuma Sikh na yankin Punjab, masu rawani, mabiyan Guru Nanak da aka haifa a 1469, waɗanda a wurin ibadarsu na Amritsar ake ciyar da duk wanda ya zo kyauta ba a tambayar addininsa. Indonesiya ta sha kore, amma tsibirin Bali yawancinsu Hindu ne. Masar kore, Kibɗawa suna ciki. Birnin Ƙudus kuma ba launin da zai ishe shi, ga Masallacin Aƙsa, ga bangon da Yahudawa ke addu'a, ga cocin da Kiristoci suka fi girmamawa, wanda mabuɗinsa yake hannun wasu iyalan Musulmi shekaru aru-aru.

Najeriya kuwa ko alƙaluman hukuma na kwanan nan babu, don ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ba. Ta ja layi-layi, kore da shuɗi, ta bar gurbi ga masu addinin gargajiya, ta rubuta dalili a gefe.

In tana son ƙarin maki, ta ɗauki jiharmu ta yi misali. Me ya sa arewacin Kaduna Musulmi suka fi yawa, kudanci Kiristoci? Zazzau tana kan hanyar fatake, ga sarauta, ga malamai, ga jihadin 1804. Kudu kuwa duwatsu ne da kurmi, irin su dutsen Kagoro, inda doki ba ya shiga da sauƙi. Da Turawa suka zo, suka taƙaita 'yan mishan a cikin masarautun Musulmi, suka sakar musu hanya a wancan yankin, suka shiga da makaranta da asibiti. Garin Kaduna shi kuma layin dogo ne da hedikwatar gwamnati da aka dawo da ita daga Zungeru a 1917 suka tara masa kowa da kowa.

Maman Rifkatu, Narayi:
Malama, ki bar ni in ƙara abu ɗaya, kuma ba don in tayar da tsohon miki ba. Kakanninmu ba don sha'awar dutse suka hau dutse ba. Gudun harin bayi ne. Kakata ta ba ni labarin da ta ji daga tata kakar. In za a koya wa yara a koya musu har da wannan, cikin natsuwa, don yana cikin dalilin da ya sa mutanenmu suka buɗe wa mishan ƙofa.

Sannan layin ma ba a miƙe yake ba. Akwai Hausawa Kiristoci a Wusasa cikin Zariya, akwai Musulmi a Kafanchan tun kaka da kakanni. Mu a cocinmu da Hausa muke sujada, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kuma Allah muke cewa. Na taɓa faɗa wa wata abokiyar aikina haka a asibiti, ta riƙe baki, ita duk zatonta da Turanci muke addu'a. Shekara shida muna aiki ɗaki ɗaya.

Malama Mai Labarin Ƙasa, Malali:
Gaskiya ne Anti, kuma na karɓa. Bai kamata in tsallake shi ba.

Ɗan Kawo:
Cinikin bayin nan ma ya taɓa kowa. Akwai Hausawa Musulmi da aka kai Brazil, har suna cikin boren da bayi Musulmi suka yi a Bahia a 1835, an samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Addinin gargajiyar Yarabawa ma haka ya haye teku, yana nan a Bahia har yau. Hauwa ta ɗiga wani ɗan launi a gefen Brazil.

Baban Hauwa, Tudun Wada:
Salamu alaikum. Na ce in dawo in ba ku bayani, tunda kun ba ni lokacinku.

Yau da safe na je makarantar. Ban je da faɗa ba. Malamin ya karɓe ni hannu biyu, saurayi ne, ya ɗauko min takardar darasin na karanta da idona. Na gaya masa maganar Malam Abu Sumayya a kan yadda ake rubuta farkon Musulunci, ya ce zai gyara lafazin a allo ga ajin gaba ɗaya, kuma zai tambayi iyayen Kiristocin ajin ko akwai abin da su ma suke so a gyara. Na roƙe shi abu ɗaya, duk lokacin da za a shiga irin wannan babi a sanar da iyaye tun da wuri, kada uba ya tsinci abin a kan tabarma kamar ni. Ya amince.

Ba zan ce hankalina ya kwanta gaba ɗaya ba. Har yanzu in na ji tana jero sunayen nan sai in ji wani iri. Amma daren jiya na zauna da ita muka karanta aya ta 13 a Suratul Hujurat, inda Allah ya ce ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna, na ce ta faɗa min me ta fahimta. Amsar da ta ba ni ta fi wadda zan iya bayarwa ina shekarunta. Najeriya ta sha layi-layi kamar yadda Malama ta ce. Ta kuma ƙara ƙaramar taswirar garin Kaduna a kusurwar kwalin, da kogi da gada, bayan na karanta mata abin da Baba ya rubuta.

Abu Sumayya, Rigasa:
Alhamdu lillah da ka je. Ni ina nan a kan bakana, na fi son a jinkirta irin wannan sai yaro ya yi ƙwari. Amma tunda an riga an shiga, ka turo min shafi biyun nan in duba kafin ta miƙa. In akwai gyara ta ɓangaren aƙida in nuna mata, in babu in sa mata albarka.

Baba Tsohon Ma'aikacin Masaƙa, Badarawa:
A taswirar garin, ka ce ta sa Kakuri da layi-layi ita ma, ta rubuta "kafin 2000" a ƙasa. A ɗauko min hoto in gani.

Baban Hauwa, Tudun Wada:
To Baba, in sha Allahu. Malam, zan turo bayan la'asar. Maman Rifkatu, Hauwa ta ce in roƙe ki, sakin layinta a kan Habasha da Kibɗawa bai cika ba, kuma ta fi son ta ji daga bakin mai addinin. Ko za ta iya kiran ki ta wayar mahaifiyarta?

Maman Rifkatu, Narayi:
Ba komai Alhaji, 'yata ce. Ina tashi aiki ƙarfe huɗu, kafin in haye gada in isa gida biyar ta yi. Ta kira bayan magariba, ta tanadi biro da takarda.